Tsohon fim ɗin Isma'il Yasin na tsoro da dariya: ya dace a sake yinsa da Hausa a Jidda?

Wani matashi cikin Hausawan Jidda ya aiko da tambaya. Ya ce shi da abokansa suna yin gajerun bidiyo na barkwanci suna sakawa a YouTube, kuma kwanan nan ya sake kallon Haram Alek, tsohon fim ɗin Misira na baƙi-da-fari wanda Isma'il Yasin ya fito a ciki, fim ɗin da yake gani a talabijin tun yana ƙarami. Abin da yake son sani shi ne, fim ɗin nan yana da sauran ran da za a sake yinsa da Hausa a nan Jidda, ko kuwa son abin yarinta ne kawai yake jansa?

Ƙanena, yana da sauran rai, kuma na ji daɗin da ka kai hannu kansa. Sai dai abin da yake da ran ba labarin ba ne, ba kuma dodannin ba ne. Ginin da ke ƙarƙashinsu ne. Na daɗe ina aikin tace hoto da haɗa sauti, kuma abin da aikin nan ya koya mini game da fina-finan tsoro da dariya shi ne, wanda ya kwashi kayan saman ya bar ginin, ya yi asarar kuɗinsa.

Fara da sanin cewa fim ɗin da kake so ɗin, shi ma sake yi ne. A 1948 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da Abbott and Costello Meet Frankenstein, wanda Charles Barton ya ba da umarni. Kamfanin ya riga ya ci kasuwa da dodanninsa: Dirakula mai shan jini da dodon Frankenstein duk a 1931, sai mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci a 1941. Zuwa tsakiyar shekarun 1940 mutane sun saba da su, tsoron ya fara sanyi. Sai aka haɗa su da 'yan barkwanci biyu, Bud Abbott da Lou Costello, waɗanda suka fito a matsayin ma'aikatan ɗaukar kaya da aka ba su wasu manyan akwatuna biyu su kai gidan nune-nunen abubuwan ban tsoro. A farkon shekarun 1950 Misirawa suka ɗauki wannan labari suka yi nasu, Isa Karama ya ba da umarni, Isma'il Yasin ya hau kujerar matsoracin, Abdulfattah al-Ƙasri kuma ya zama abokin da ba ya yarda da komai. Sun bi na Amurkan sau da ƙafa a yawancin fitowarsa. Amma dubi inda suka sauya: dodon da aka kawo a akwati, duk da kamanninsa na Frankenstein ne, mumiya suka kira shi, gawar mutanen dā da aka adana. Sun san masu kallonsu. Mutumin Alƙahira na wancan lokacin ba shi da alaƙa da likitan Turai mai ɗinka gawa, amma ya san kaburburan Fir'aunoni, ya san surutun da ya biyo bayan buɗe kabarin Tutankhamun a 1922 da zancen la'anar da aka ce tana bin waɗanda suka shiga. Wannan 'yar sauyin ita ce darasinka na farko, kuma kai sai ka yi nisa fiye da inda suka tsaya.

To, mene ne ginin? Abu uku ne suke riƙe da shi, amma na farkon ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba.

Dodon ba ya wasa. A fim ɗin 1948, Bela Lugosi, wanda shi ne Dirakulan 1931, ya dawo ya yi rawarsa da gaske kamar ba a fim ɗin barkwanci yake ba. Lon Chaney ƙarami ya fito a mutumin da ya san zai rikiɗa idan wata ya cika, yana roƙon a kulle shi a ɗaki kada ya kashe wani, fuskarsa cike da baƙin ciki na gaske. Ba ɗayansu da ya kashe wa mai kallo ido. Dariyar duk daga wurin matsoracin take fitowa. Akwai fitowar da ta fi shahara: Costello shi kaɗai a ɗaki mai duhu, ya ɗora kyandir a kan akwatin gawa yana karanta tarihin Dirakula, murfin ya fara ɗagawa a hankali, kyandir ɗin ya fara zamewa. Ya buɗe baki zai kira abokinsa, muryar ta maƙale, sai huci. Kafin abokin ya iso, abin ya ɓuya, komai ya koma yadda yake, a yi masa faɗa a sake barinsa shi kaɗai. A nan mai kallo yana dariya ne saboda shi ma ya ga abin, ya san mutumin nan gaskiya yake faɗa, kuma ya san ba za a yarda da shi ba. Da Dirakulan ya yi tuntuɓe ko ya yi wata shiririta, da tsoron ya mutu nan take, dariyar ma ta bi shi, domin ba abin da ya rage da za a ji wa tsoro. Wannan ne kuskuren da na fi gani a bidiyon matasanmu: a shafa wa yaro hoda, a yafa masa farin zani, ya fito yana rawa. An sami dariyar daƙiƙa biyar, an kashe fim ɗin gaba ɗaya.

Na biyu, akwai wanda ba ya gani kuma ba ya yarda. Aikin al-Ƙasri ke nan, kuma aiki ne mai wuya wanda ba a cika yaba wa mai yinsa ba. Na uku, matsoracin ba ɗan kallo ba ne, shi ake nema. A labarin asali ƙwaƙwalwarsa ake so a cire a saka wa dodon, domin an ga mai sauƙin juyawa ce, shi ya sa kyakkyawar macen nan take nuna tana sonsa, kowa yana mamakin me ta gani a jikinsa. Idan ba a ɗaura wa jarumin wani haɗari a wuya ba, fim ɗin zai zama jerin firgita marasa kan gado.

Abin da ya tsufa a fim ɗin Misiran kuwa a fili yake: kwalliyar dodannin, jan lokaci a wasu wurare, da kuma dogaro da fuskar mutum ɗaya. Isma'il Yasin, wanda aka haifa a Suwais a 1912 ya rasu a 1972, ya kai matsayin da ake sa sunansa a kan fim a sayar, daga na soja zuwa na 'yan sanda zuwa na asibitin mahaukata. Bakinsa da idanunsa rabin fim ne. Ba ka da shi, kuma kada ka sa wani ya kwaikwaye shi. Haka ma kada ka sa wani ya kwaikwayi marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda tun rasuwarsa a Disambar 2014 ake ta ƙoƙarin maye gurbinsa da masu ɗaukar muryarsa, ba a kuwa dace ba. Nemi wanda tsoronsa nasa ne. Cikin abokanka akwai wanda idan ya firgita ba ya ihu, sai dai ya hau gaisuwa da ladabi fiye da kima, ko ya kama lissafin bashin da ake binsa. Shi ne jaruminka.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, inda kuma na fi so ka tsaya ka yi tunani. Ba'amurken 1948 bai yi imani da Dirakula ba. Bamisiren da ya shiga silima a Alƙahira bai yi tsammanin zai haɗu da kyarkeci a hanyar gida ba. Tsoronsu na aro ne, suna fita su ajiye shi a bakin ƙofa. Masu kallonka ba haka suke ba. Da zarar ka cire dodannin Turai ka sa namu, ka shiga abin da mutane suka yi imani da shi. Aljanu suna cikin Alƙur'ani, da sura guda mai sunansu. Kowane gida da ka sani yana da labarin wadda aka yi wa ruƙiyya, ko ɗakin da ba a kwana a cikinsa. Wannan shi ne ƙarfinka, domin ba sai ka ɓata rabin awa kana koya wa mutane abin da za su ji tsoro ba. Kuma shi ne haɗarinka.

Kayan kam muna da su har sun yi yawa. Muna da fatalwa, muna da kwankwamai, muna da mutumin da ke rikiɗa kura da dare, wanda ya fi kyarkecin Turai kusa da mu ƙwarai. Muna da labarin kyakkyawar mace da ake rage wa hanya da tsakar dare, sai an kai ta a ga ƙafarta kofato ne. Mutanen Hijaz ma suna da tasu mai kama da ita, Dujaira, wadda tsofaffin Makka da Jidda suke tsorata yara da ita kada su yi yawon dare. Ka ga ke nan yaron da ya tashi a nan ya gaji tsoro biyu da suka haɗu a wuri ɗaya, abin da ɗan Kano ba shi da shi, ɗan Riyad ma ba shi da shi.

Amma ga iyakokin da nake ganin ba a ƙetare su. Kada dariya ta faɗa kan aya, ko kan ruƙiyya, ko kan addu'a. Ta faɗa kan mutane: kan ɗan damfarar da ya karɓi riyal ɗari biyar ya zo da turare da kwalaben ruwa yana cika baki, ya zama shi ne farkon wanda ya haura katanga ya bar takalmansa. Sannan ka yi hattara da maita. Na san maye shi ne abin da ya fi kusa da Dirakula a wurinmu, mai kama kurwa, amma zargin maita ya raba aure, ya kori tsofaffin mata daga unguwanninsu, a wasu wuraren har rai ya salwanta. Fim ɗin da ya nuna tsohuwa mai jajayen idanu ya ce ga mayya, ya ƙara wa wutar itace ne. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu da ke zaune a ƙasar nan musamman. Ka san kallon da wasu suke yi wa baƙar fata, takari, a kan zancen sihiri. Ka san yadda wasu fina-finai da wasannin barkwanci na ƙasashen Larabawa suka daɗe suna shafa wa ɗan wasa baƙi a fuska a fito da shi bawa ko boka. Kada Bahaushe da hannunsa ya ɗauki kamara ya tabbatar musu da wannan hoton. Idan akwai mai tsubbu a labarinka, a gane maƙaryaci ne, kuma a ga sauran mutanen unguwa yadda suke: masu sana'a, masu zuwa masallaci, masu faɗa a kan kuɗin haya.

Ƙofar ma a buɗe take fiye da yadda ake zato. An sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a Afrilun 2018, bayan fiye da shekara talatin a rufe. An kafa Hukumar Fina-finai a 2020, aka fara bikin fina-finai na Bahar Maliya a nan Jidda a Disambar 2021. Fim ɗin da ya buɗe bikin a 2023, Hwjn, labarin aljani ne da ke zaune a wani gida a Jidda, an ɗauko shi daga littafin Ibrahim Abbas wanda shekara goma kafin nan aka taɓa janye shi daga wasu shagunan littattafai. Wancan ba fim ɗin barkwanci ba ne, amma ya nuna maganar aljanu ta shiga allon silima a garin nan. Asusun bikin na tallafa wa fina-finai kuma yana karɓar ayyukan 'yan Afirka, ba na Larabawa kaɗai ba.

Bari in nuna maka yadda zan sauya fitowar kyandir ɗin nan da ni ne. Jaruman asali masu ɗaukar kaya ne. Mu kuwa wa ya fi mu sanin kaya? Sa su a ofishin kago, irin waɗanda ke ɗaure wa alhazai da 'yan Kano-Jidda kaya, cike da buhunan dabino, jallabiyoyi, barguna da jarkokin da aka naɗe da leda. Aka kawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe daga gidan wata tsohuwa da ta rasu, gidan yana cikin unguwannin da aka rushe a kudancin Jidda tun daga ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Gulail. Wasiyyarta ita ce a mayar da adakar gida, kada a buɗe. Dare ya yi, maigidan ya fita shan shayi, yaron ofishin ya ɗora adakar a kan sikeli. Kilo 23. Ya juya zai ɗauko alƙalami, ya waiwayo, kilo 31. Ba wanda ya taɓa ta. Yana tsaye yana kallo jan lambar tana hawa ɗaya bayan ɗaya, 40, 52, har ta tsaya daidai nauyin mutum. Ya kira maigida, muryar ta ƙi fita. Maigida ya shigo da kofin shayinsa, ya duba, kilo 23, ya ce, “Kai dai ba ka son aiki.” Ba ka buƙatar kwalliya, ba ka buƙatar kwamfuta, sikeli kawai da fuskar yaro. Kuma a ƙarƙashin dariyar akwai tambayar da duk wanda ya tashi a waɗancan unguwannin zai ji ta a ƙirjinsa: idan gida ya tafi, waɗanda suke zaune a cikinsa, na fili da na ɓoye, ina suke komawa?

Wannan zaman namu ma yana warware maka matsalar da ke damun duk marubucin fim ɗin tsoro, wato me ya hana su gudu, me ya hana su kiran hukuma. Yaron da igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare yana jiran kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya sabunta, idan aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfe biyun dare, shi kansa bai san wanne ya fi so ya tarar a bayanta ba. Mutanenmu za su yi dariya har da hawaye, domin sun san abin. Ka rubuta shi da tausayi, kada ka mai da wahalar mutane abin tsokana.

Aljanin kuwa kada ka nuna shi ko sau ɗaya. Aya ta 27 a Suratul A'araf ta ce Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Masu kallonka da wannan suka tashi, saboda haka duk surar da ka zana za ta gaza wadda ke cikin kansu. Kuɗin da za ka kashe a kan zanen kwamfuta, zuba shi a sauti. Mutumin Jidda bai san shiru ba, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana gurnani a kunnensa dare da rana har ya daina jinsa. Sa wannan gurnanin a ƙarƙashin fitowa tun daga farkonta, sannan ka yanke shi farat ɗaya ba tare da wuta ta ɗauke ba. Za ka ga mutane sun gyara zama ba su san dalili ba. Wajen ɗauka kuma kashe mukayyif ɗin na gaske za ka yi, ka naɗi muryoyi tsaf, ka ƙara gurnanin daga baya a wurin tacewa. In ba haka ba duk yankan da ka yi sai an ji shi. Idan za ka fito da kamara daga ɗaki mai sanyi zuwa waje, ba ta lokaci, domin damshin Jidda yana rufe gilashin da raɓa nan take.

Kada girman kasafi ya tsorata ka. Ghostbusters na 2016, fim ɗin tsoro da dariya na Amurka da aka sake yi, an kashe masa kusan dala miliyan 144, bai kuwa kama ƙafar farin jinin na 1984 ba. Indiyawa da muke kallo a fassara sun fi zama abin koyi a nan. Bhool Bhulaiyaa na 2007 sake yin wani fim ɗin yaren Malayalam ne na 1993, aka ɗauke shi daga Kerala aka dasa shi a wani tsohon gidan sarauta na arewa, aka bar tsoron da nauyinsa, barkwancin ya zagaye shi. Stree na 2018 kuma daga wata tatsuniyar mutanen Karnataka ya samo tushe, ta macen da ke ƙwanƙwasa ƙofa da dare, mutane suna rubuta mata a bango cewa ta dawo gobe. Abin garinsu suka ɗauka suka gina a kai.

Batun haƙƙin mallaka, a taƙaice: dabara ba ta da mai ita, amma rubutaccen labari, sunan fim, maganganu da kamannin dodo suna da masu su. Littafin Frankenstein na 1818 da na Dirakula na 1897 sun zama na kowa, amma fim ɗin 1948 yana ƙarƙashin kariya a Amurka har ƙarshen 2043. Ko kamfanin Hammer na Ingila, da zai yi nasa Frankenstein ɗin a 1957, sai da ya ƙirƙiro wa dodon wata fuska dabam don kauce wa Universal. Tsofaffin fina-finan Misira kuma da yawansu suna hannun manyan kamfanoni irin su Rotana, kuma YouTube yana sauke bidiyo idan mai haƙƙi ya kai ƙara. Idan ka bi hanyar adaka da sikeli, da sunanka da labarinka, ba ka ɗauki abin kowa ba. Ka nemi izinin ɗauka kafin ka kafa kamara a titi, musamman idan kana sha'awar tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, masu tagogin katakon da ake kira rawashin, waɗanda suke cikin jerin kayan tarihi na UNESCO tun 2014. Idan kuma kana son fim ɗin ya shiga kasuwar Kano, Hukumar Tace Fina-finai ta jihar tana da nata sharuɗɗan.

Harshe kuwa kada ka wanke shi. Bar su su yi magana yadda kuke yi, Hausa da Larabcin Hijaz a cakuɗe cikin jimla ɗaya. Da ni ne, maigidan zai zama haifaffen nan wanda bai taɓa taka Kano ba amma kullum yana ba da labarinta, yaron kuma sabon zuwa wanda ya san ainihin abin da ake yi idan an ji motsi a kango. Sai a rubuta fassarar Larabci a ƙasa don maƙwabta.

Kada ka fara da dogon fim. Yi fitowar sikelin kaɗai, minti goma zuwa goma sha biyu, a ɗaki ɗaya da mutum biyu. Idan ka gama tacewa, tara mutum ashirin a istiraha, gidan shaƙatawa na haya, ka haɗa da iyaye mata biyu ko uku da wani dattijo mai ilimin addini, ka kashe fitila, kai kuma ka zauna a gefe inda kake ganin fuskokinsu. Lura da abin da ke faruwa lokacin da lambar take hawa. Idan suna dariya tun a lokacin, ka yi saurin sakin barkwancin, koma ka ƙara wa shirun tsawo. Idan sun yi tsit, wata ta ce a'uzubillahi, sannan dariyar ta fashe bayan maigida ya shigo da shayinsa, to ka fara rubuta sauran labarin.